Zancen Kuɗi: Jika ta yawaita, ƙarfinta ya ragu

Kuɗin ƙasa kashi biyu ne: na hannun mutane, da na ajiya cikin banki. Babban banki BCEAO, mai mazauni a Dakar, shi ke fiddo takardun kuɗi, shi ke lissafin duka.

Kuɗin Nijar sun sha hawa da sauka. A 1971 aka fara haƙo uraniyom a Arlit, kuɗi suka shigo ƙasa sosai. Bayan 1980 farashin uraniyom ya faɗi. Farin 1984 ya kashe dabbobi. A 1990 bankin BDRN ya rufe. Cikin Janairu 1994 aka karya darajar sefa: tamma ɗaya ta Faransa, da ake canzawa sefa 50, ta koma 100. Magani da taki da shinkafar waje suka yi tsada. Tun daga nan kuɗin ƙasa sun ninka sau da yawa. A Adar, ƴan bida ma suna aikowa daga Abijan.

Amma yawan kuɗi ba yawan hatsi ba ne. In jika ta cika kasuwar Tawa ko ta Barmu, hatsi bai ƙaru ba, sai tiya ta hau. Wanda ya binne jika goma cikin tukunya zai tone jika goma, amma ba za ta sayi abin da ta saya da ba.

Don haka, manomi ya fara cika rumbu kafin ya kai hatsi kasuwa. Makiyayi ya saida rago da kaka, ya sayi hatsi tun yana da araha. Tunkiya tana haihuwa, jikar tukunya ba ta haihuwa.