Ɗakin Gwaji Ba Gini Ba Ne Kawai

Manomin Kontagora da fartanya ta sare shi a ƙafa, da mai jegon da zazzaɓi ya kwantar, duk suna iya kamuwa da ƙwayoyin cutar da iskar oksijin ke hallakawa. Danginsu ne ke jawo sarƙewar haƙora da ruɓewar rauni. Yawancinsu ba a tantance su sai an rene su cikin abinci na musamman, a kwalbar da aka raba da iska. Wannan ba sabuwar fasaha ba ce: tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya Muriel Robertson ta haɗa musu romon dafaffen nama a Ingila.

Idan aka ɗauki samfurin mugunya zuwa Minna ba tare da mazubin da ya dace ba, ƙwayoyin na iya mutuwa a hanya. Sai likita ya ba da magani bisa hasashe, hasashen kuma shi ke koya wa cuta bijire wa magani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko. Ya kamata masu tsara kasafi a Abuja su sanya wa abincin renon ƙwayoyin cuta nasa gurbin. Ana yanka zaren buɗe gini sau ɗaya, amma abincin nan kullum ƙarewa yake yi.