Wufar taka ce, amma katangar ta ku biyu ce

Duk wanda ya zauna a gidan haya a Zongon Kwatano ya san sautin da nake nufi. Ba ka jin waƙar, ba ka jin maganar da ake yi a fim ɗin, dum-dum kawai kake ji yana shigowa ta katanga, yana kaɗa kwanukan da ke kan kanta, yana sauka a ƙirjinka. Maƙwabci ya sayo sabuwar wufa. Shi yana can yana jin daɗinsa, kai kuma kana lissafin awa nawa suka rage kafin kiran sallar asuba.

Ra'ayina shi ne, yawancinmu muna sayen kayan sauti irin na filin biki, mu kawo su ɗakin da bai wuce mita 3 da 4 ba. Kuɗi ya tafi, sautin bai yi daɗi ba, ga haƙƙin mutane a wuya. Ni ma mai son kallo ne, ba na cikin masu cewa a rufe tele a jefar da lasifika. Abin da nake cewa, a sayi daidai ɗaki, a kuma ajiye shi daidai.

Mu fara da lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Za ka ga an rubuta wat 3000 ko 5000, a gefe da ƙananan haruffa PMPO. Wannan lamba ta talla ce, babu wani ma'auni da aka yarda da shi a bayanta. Wadda ake iya dogara da ita ita ce mai ɗauke da RMS. In ba ka gan ta ba, juya na'urar ka karanta ɗan allon da ke bayanta, inda aka rubuta wutar da take ci. Abin da ke jan wat 60 daga soket ba zai taɓa fitar da wat 3000 a ɗore ba, don tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa. Wannan dubawar ta minti ɗaya ce, ko a Dantokpa kake ciniki, ko a Misebo, ko kuwa wani ne ya kawo maka kayan daga Alaba ta iyakar Seme.

Sannan ma wat ɗin ba ya aiki yadda muke zato. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal sautin ke ƙaruwa, ɗan bambanci ne a kunne. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Lasifikar gida ta yau da kullum, da wat ɗaya tak, tana ba da sama da desibel 80 ga wanda ke zaune mita ɗaya daga gabanta. Ke nan wat 20 ko 30 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishi falon haya har da saura. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 52 na sefa tun Janairun 2023, biyan kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa amfani da shi ba almubazzaranci ne, ba gayu ba.

Tambaya ta biyu: me kake kallo? Tsarin lasifika biyar da wufa ɗaya, wanda ake kira 5.1, a gidajen silima ya yi suna, kamfanin Dolby ya shigo da nasa a 1992, ya kuma fito da Atmos a 2012. An yi su ne don finafinan da aka haɗa sautinsu ɓangare-ɓangare. To mu a nan, me ke cika mana dare? Labarina da Daɗin Kowa, tafsirin malamai a YouTube, labaran BBC da RFI, sai ƙwallo ranar da Benin ke wasa. Kusan duk waɗannan magana ce, kuma galibinsu da sauti mai ɓangare biyu suke zuwa, hagu da dama. Lasifikan bayan nan biyu da ka ja musu waya ta ƙarƙashin kujera, ko su yi shiru, ko su maimaita abin da na gaba suka faɗa. Saboda haka nake ganin lasifika biyu masu kyau, ko sandar sauti ɗaya wadda ke fito da murya tas, sun fi guda shida na roba masu kwarmato. In kuɗin ya ƙaru, a ƙara ta tsakiya, don ita ke ɗaukar maganar 'yan wasa.

Yanzu ga wufa, uwar rigima. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Sauti mai kauri na hez 40, tsawon zangonsa ya kai mita takwas da rabi, ya fi ɗakinka tsawo. Siririn sauti labule da katifa suna shanye shi, bulo yana tare mafi yawansa. Mai kaurin nan kuwa girgiza katanga yake yi, ya bi daɓe, ya bi silin da kwanon rufin da kuka haɗa da mutum huɗu, ya faɗa ɗakin wani. Shi ya sa kai kana jin ka rage, maƙwabci kuma yana rantsuwa gini na motsi. Ba ƙarya yake maka ba, kuma ba hassada ba ce.

Wanda ya riga ya saya, ga abin da zai yi ba tare da ya kashe ko dala ba. Kada a sa wufa a kusurwa, don kusurwa na ƙara mata ƙarfi. Kada a jingina ta da katangar da ke tsakaninka da maƙwabci. A matso da ita kusa da inda ake zama, sai a rage ta sosai amma a ci gaba da jin ta. A ɗora ta kan soso mai kauri ko roba, kada ta zauna kai tsaye kan tayil, musamman ga waɗanda ke saman bene. In tana da maɓallin raba sauti, a tsayar da shi wajen hez 80. Bayan isha'i kuwa a kashe ta gaba ɗaya, fim ba zai lalace ba.

Lasifikan hagu da dama a ɗaga su daidai kunnen wanda ke zaune, nisan da ke tsakaninsu ya yi kusan daidai da nisan da ke tsakaninka da kowace, a ɗan karkato da su su fuskance ka. Kada a cusa su cikin kabad a tsakanin kwanukan amarya. Ɗaki mai tayil da katanga tsirara yana amsa kuwwa, magana ta cakuɗe, sai mutum ya ƙara murya alhali ba ƙarar ce matsalar ba. Darduma a ƙasa da labule mai nauyi suna gyara wannan fiye da sabuwar na'ura. Ka shiga saitin sauti ka nemi tsarin dare, a Faransanci mode nuit. Yana rage ƙarar harbi da fashewa, ya ɗago magana, ka daina kokawa da rimot. Wajen haɗawa da tele, ka duba ramin HDMI da aka rubuta wa ARC, waya ɗaya ta isa, kuma rimot ɗin tele zai riƙa sarrafa murya. Tsohuwar tele da ba ta da shi, a yi amfani da wayar haske, wadda masu shago ke kira optik.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu. Wutar SBEE bolt 220 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka da yawansu 120 suke ci, ka soka su kai tsaye sai hayaƙi. Karanta bayan na'ura kafin ka biya, kuma ka sa a gwada maka ita da muryar mutum yana magana, ba da kiɗan da mai shago ya zaɓa ba. Ka tanadi sitabilaiza. Kwatano tana tsakanin teku da tafkin Nokoué, iskar gishiri da laima suna cin bakin waya, su sa sauti ya riƙa ƙirƙir. In damina ta kankama a watan Yuni, mun san yadda ruwa ke shiga gidajen ƙasa, don haka kada a bar amfilifaya a daɓe. Kuma kafin ka huda katangar mai gida don rataye lasifika, ka tuna da kuɗin ajiyarka da ke hannunsa.

Na san abin da wani zai ce: kuɗina ne, ɗakina ne, ina biyan haya. Wani kuma ya ce, a garin da zemijan ke ta hon tun asuba, ga mashaya, ga janareto, ga majami'u masu kwana suna kiɗa, wufata ce za ta dame ku? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, Kwatano ba gari ne mai shiru ba. Amma hayaniyar titi tana lafawa da dare, taka kuwa a bayan kan gadon mutum take. Kuma ɗakin da ka kama haya iyakarsa katanga. Abin da ya tsallaka katanga ya shiga hayar wani.

Hukuma ma ta yi magana. A ranar 25 ga Mayun 2022 gwamnati ta fitar da doka mai lamba 2022-301 kan hayaniya, wadda ta maye gurbin ta 2001. Ta fi tsanantawa a lokutan hutu, tsakanin ƙarfe 1 zuwa 3 na rana, da kuma daga ƙarfe 10 na dare. Maƙwabcin da ya gaji yana da ikon kai ƙara kwamisariya. Wane irin abin kunya ne a ce magidanci ya tsaya gaban ɗan sanda saboda fim ɗin Indiya?

A nan ne nake so 'yan uwana na Zongo su tsaya su yi tunani. Ƙidayar 2013 ta nuna Musulmi kashi 27.7 cikin ɗari ne na al'ummar Benin, a Kwatano kuwa ba mu kai haka ba. A gida ɗaya za ka tarar da Bahaushe, Dendi, Bayarabe, Fon da Gun, wani Musulmi, wani Kirista, wani mai addinin gargajiya. Kullum kafin gari ya waye lasifikar masallaci tana kiran salla, mutanen nan suna ji, mafi yawansu ba su taɓa ɗaga mana murya a kai ba. Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da batun sallar Juma'a a kan titi ya tayar da ƙura a garin nan. Ya nuna mana cewa haƙurin da ake yi da juna abu ne mai iya ƙarewa. Haƙurin maƙwabci kamar kuɗin da ke cikin mitar wuta ne, in ka ƙone shi a kan wufa da tsakar dare, ranar da kake buƙatarsa don abin da ya fi muhimmanci sai ka tarar babu.

Kuma addinin da muke tutiya da shi bai bar wannan a buɗe ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta sa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa a jeri ɗaya da iyaye da marayu, ba ta ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba. A Suratu Luƙman akwai umarnin sassauta murya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana masu i'itikafi ɗaga murya a kan juna wajen karatun Alƙur'ani, don kada su cuci juna. To in karatun Alƙur'ani a cikin masallaci aka yi wa wannan iyaka, ina ga waƙar biki? Wannan ya haɗa da mai ƙure wa'azi ƙarfe 11 na dare yana ganin lada yake tarawa. Malam, tsohuwar da ke fama da hawan jini a ɗakin kusa ba ta yi rajistar karatun nan ba.

Ko don kanka ma ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ne a makon. Ga yara ma'aunin ya fi haka ƙasa, kuma su ne ke zama dab da lasifika. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Shawarata ta ƙarshe ita ce mafi arha. Ranar da ka haɗa kayanka, kunna su yadda ka saba, ka bar yaro da rimot, ka je ka yi sallama da maƙwabci, ka roƙi izinin tsayawa a ɗakinsa minti biyu. A riƙa ragewa har sai kun daina jin dum-dum. Lambar da ta tsaya a kai, ita ce iyakarka ta dare, ka nuna wa uwargida da yara. Ranar babban wasa kuwa, ka gayyato shi ku kalla tare, a dafa shayi. Wanda ke zaune a falonka ba ya kai ƙararka.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, Ya zaunar da Zongo da ƙasarmu lafiya.