Kwamfuta tamu, manhaja ta haya: wa ke ƙirga lasisi a ofisoshin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji?

Ranar 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, haka ma Office 2016 da Office 2019. Kwamfutocin ba su mutu ba a wannan rana, suna nan suna aiki. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da kamfanin yake turowa kyauta domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga. Ma'aikatar da ke son ci gaba da samun wannan gyara za ta biya dalar Amurka 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, wato wajen jika 35 na sefa, kuma kuɗin zai ninka a shekara ta biyu. Sannan kamfanin Esri ya tsai da ranar 1 ga watan Maris 2026 a matsayin ranar ritayar ArcMap, tsohuwar manhajar zana taswira da masu aikin filaye suka daɗe suna amfani da ita.

Wani zai ce wannan ai maganar Yamai ce. To, jama'a, a nan ma ta shafe mu. Gundumar Agiye tana da ƙananan hukumomi biyu, Agiye da Cadawa. Gazawa, wadda aka cire daga Agiye a 2011, tana da Gazawa da Gangara. Gidan Rumji tana da biyar: Gidan Rumji, Tibiri, Cadakwari, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Tara ke nan, kuma kowace tana da ofishin takardun haihuwa da na kuɗin shiga. Ga gundumomin kiwon lafiya uku, ga makarantu, ga hukumomin kula da filaye, ga ƙungiyoyin raya karkara. Duk inda aka ajiye kwamfuta a waɗannan wurare, akwai wani sharaɗi a rubuce da ya faɗi mutum nawa aka yarda su yi aiki da manhajar da ke cikinta, da kuma ranar da izinin zai ƙare. Lokacin tsara kasafin kuɗin sabuwar shekara ne ya fi dacewa a buɗe wannan sharaɗi a karanta.

Mene ne lasisin manhaja?

Idan ka sayi kwamfuta, ƙarfen naka ne. Manhajar da ke ciki kuwa, wadda wasu ke kira lojisiyal, izinin amfani da ita kawai ka saya. Wannan izini shi ne lasisi, kuma iri uku ne aka fi sani.

Akwai na kwamfuta ɗaya: an ɗaure shi a jikin na'ura guda, duk wanda ya zauna gabanta ya yi aiki. Akwai na mutum ɗaya: an rubuta shi da sunanka da adireshinka na imel, kamar permin tuƙi, ba ka ara wa ɗan'uwanka. Na uku shi ne na taron dangi, wanda ake ƙirgawa bisa yawan masu aiki a lokaci guda. Ku ɗauka rijiya ce mai guga huɗu. Gari duka yana sha daga cikinta, amma mutum huɗu kawai ke ja a lokaci ɗaya, na biyar sai ya jira wani ya aje. A ofis, babbar kwamfuta ce ke riƙe da waɗannan gugogi. Ka buɗe manhajar ta ba ka ɗaya, ka rufe ta karɓe.

Ga ofis mai ƙaramin ƙarfi, nau'i na ukun nan ya fi sauƙi. Misali ma'aikata 12 suna taɓa manhajar lissafin kuɗi, amma ba a taɓa samun fiye da huɗu a kanta lokaci guda ba. Idan lasisin na taron dangi ne, huɗu sun isa. Idan na mutum ɗaya ne, sai an biya 12. Sai dai manyan kamfanoni suna janye jiki daga wannan tsari. Adobe ya koma biyan haya na wata ko na shekara tun 2013. Autodesk, mai manhajar AutoCAD da masu zanen gine-gine ke aiki da ita, ya sanar a 2020 cewa zai koma lasisi mai sunan mutum. Ma'ana, abin da da ake saya sau ɗaya a manta, yanzu ya zama kamar kuɗin wuta da na ruwa: duk shekara yana dawowa.

Inda abin ke cije wa a ƙasa irin tamu

Abu na farko, rezo. Microsoft 365, wato Office na haya, yana buƙatar kwamfuta ta shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 domin a tabbatar an biya. Idan ba ta shiga ba, manhajar tana kulle kanta: kana iya buɗe takarda ka karanta ko ka buga, amma ba ka iya rubuta sabuwa. Ga ofishin da ke bakin babbar hanya ta RN1, a Cadawa ko Gazawa ko Gidan Rumji, da sauƙi. Ga asibitin karkara ko makarantar da sai an hau tudu ake samun rezo, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya tsayar da aiki.

Na biyu, wuta. Idan wuta ta ɗauke mutum yana cikin manhaja, sau da yawa babbar kwamfutar ba ta san ya fita ba. Tana ci gaba da ƙirga shi a matsayin mai riƙe da guga, har sai lokacin da aka sa mata ya cika ko wani ya je ya saki da hannu. Haka nan ma'aikacin da ya bar manhaja a buɗe ya tafi salla ko cin abinci. Sai ka ga mutane a layi, ana ce musu “na'ura ta ƙi”, alhali na'urar lafiyarta lau, wurin zama ne ya cika da waɗanda ba su nan.

Na uku, iyakar da mutane da yawa ba su san da ita ba. Ofisoshi kan ɗauki kwamfuta ɗaya ta yau da kullum su mai da ita ma'ajiyar takardu da firinta ta kowa. Lasisin Windows na irin wannan kwamfuta ya yarda na'urori 20 ne kawai su haɗu da ita a lokaci guda. Ɗakin koyon kwamfuta mai na'urori 25 zai riƙa ganin wasu suna kasa shiga, malami ya yi ta zargin waya ko ƙwayar cuta, alhali sharaɗin lasisi ne.

Idan furoje ya tattara kayansa

Kwamfutoci da yawa a jahar Maraɗi ta hannun furoje suka zo. Agiye ta san wannan tun zamanin PPILDA, shirin da asusun FIDA ya tallafa wa, kafin PASADEM da ProDAF su biyo baya. Sauran gundumomin ma kowace ta ga nata. Ba mu ɗora laifi a kan kowa ba, amma tsarin aikin furoje ko ina haka yake: yana da ranar farawa da ranar rufewa. Ran da aka rufe, ana miƙa motoci da tebura da kwamfutoci a rubuce, a sa hannu. Lasisi fa? Shi ba a ganinsa da ido, don haka da wuya ya shiga takardar miƙa kaya. Wani lokaci da imel ɗin wani ma'aikaci aka yi rajistarsa, shi kuma kwangilarsa ta ƙare ya koma gida. Bayan shekara guda hayar ta ƙare, taswirar gonaki ko lissafin shekaru ya maƙale a cikin manhajar da babu mai buɗe ta.

A gefen ƙananan hukumomi ma an samu canjin hannu. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Duk lokacin da shugabanci ya canza, ana duba asusu da hatimi da makullan ofis. Ya kamata a ƙara da lambobin lasisi da kalmomin sirri, domin su ma makullai ne.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma ba su tsira ba. Daga 1 ga watan Yuli 2025 Microsoft ya fara janye kyautar lasisi 10 na Business Premium da yake ba ƙungiyoyin agaji. Waɗanda suka gina aikinsu a kan wannan kyauta, yanzu ko su biya ko su sauka zuwa wani tsari.

Gajerun hanyoyi biyu, da kuɗin da suke ci a ɓoye

Kowa ya san yadda ake yi idan lasisi ya ƙare. A kira mai gyara ya zo da kile, ya sa kwafin da aka fasa wa makulli. Aiki ya tashi, kowa ya ji daɗi. Amma irin wannan kwafi yakan zo da baƙo a ciki, kuma sau da yawa ana kashe masa hanyar karɓar gyaran tsaro don kada a gane shi. A watan Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, kuma na'urorin da ba a yi wa gyara ba ne ta kama. Ta fuskar doka ma, Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, kuma yarjejeniyar Bangi ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake kare haƙƙin masu su.

Hanya ta biyu ita ce a buɗe asusu ɗaya, kowa ya riƙe kalmar sirrinsa. Mutum shida suna shiga da suna ɗaya. An rage kuɗi, gaskiya ne. To ran da aka wayi gari an canza shekarar haihuwar wani yaro, ko iyakar gonar wani bawan Allah ta matsa a taswira, wa za a tambaya? Manhaja za ta nuna suna guda, mutum shida kuma kowa ya rantse. A yankin da rikicin gona ke raba 'yan'uwa na jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata hanya

Ba kowace manhaja ke ƙirga kawuna ba. DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke tattara rahotannin asibitoci da ita, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ce ke jagorantar gina ta, kuma ba a biyan kuɗin lasisi kan kowane ma'aikaci. Kowa yana iya samun asusunsa da sunansa. LibreOffice tana rubuta wasiƙa da jadawalin lissafi, tana buɗe takardun Word da Excel, ba ta neman rezo kafin ta yi aiki. QGIS tana zana taswira. Audacity tana gyaran sauti. Tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi karɓa, galibi tana ɗaukar Linux ta ci gaba da aiki shekaru.

Ba talakawa kaɗai ke bin wannan hanya ba. Jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa Linux. A 2024 jahar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mai da kwamfutocin gwamnati wajen 30,000 zuwa LibreOffice. Dalilinsu bai tsaya ga kuɗi ba. A watan Oktoba 2019 Adobe ya sanar zai rufe asusun masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. Mu da muka ɗanɗani takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, har Najeriya ta yanke mana wuta, mun san yadda abin da ke hannun wani ke iya tsayawa dare ɗaya.

Sai dai kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya. Sakataren da ya shekara 15 da Word yana buƙatar horo. Wasu takardun sukan ɗan karkace idan aka buɗe su a wata manhaja. Akwai kuma manhajojin lissafi da masu ba da tallafi ke wajabtawa, waɗanda ofis ba shi da ikon canzawa. Don haka ba a ce a watsar da komai gobe da safe ba.

Abin da za a iya yi kafin a rufe kasafi

Aikin farko ba ya cin ko dala. A ɗauki littafi, a bi kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya, a rubuta manhajar da ke ciki, irin lasisinta, sunan da aka yi rajista da shi, da ranar ƙarewa. Sannan a yi wata guda ana lura: mutum nawa ne ke kan kowace manhaja a lokaci ɗaya? A duba ranakun cunkoso musamman, wato ƙarshen wata lokacin rahoto, ranar kasuwa, da lokacin rajistar jarrabawa da iyaye ke tururuwar neman takardar haihuwa. Wannan adadi na ranar cunkoso shi ne za a saya, a ƙara ɗaya ko biyu saboda gaba.

Inda manhajar ta yarda, a sa ta saki wurin duk wanda ya bar ta a buɗe ba aiki bayan wasu mintoci. A mai da duk lasisi kan imel na ofis, mutum biyu su san sirrinsa. Kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa. A riƙa fitar da kwafin bayanai a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa, a ajiye shi a wani wuri dabam. Kuma duk furojen da zai kawo kwamfuta, a tambaye shi tun ranar sa hannu: lasisin na shekara nawa ne, da sunan wa, kuma wa zai biya bayan kun tafi?

Ƙananan hukumomi tara ba lalle kowace ta ɗauki masanin kwamfuta nata ba. Gangara da Gazawa za su iya haɗa kuɗi su riƙe mutum ɗaya, haka Agiye da Cadawa, haka biyar ɗin Gidan Rumji. Doka ta ba ƙananan hukumomi damar haɗin gwiwa a kan ayyukan da suka shafe su tare.

Ku ma 'yan ƙasa kuna da ta cewa. Idan kun je ofis aka ce na'ura ta ƙi, ku tambaya cikin ladabi: wuta ce, rezo ne, ko lasisi? Wuta da rezo ba a hannun ofishin suke ba. Lasisi kuwa layi ne guda a kasafin kuɗi, kuma da harajinku ake cika shi.