Wanda Ya Sha Kada Ya Ja Babur

'Yan'uwa, a Ingila abokai sukan ware rana guda su zaga gidajen giya tare, suna neman giyar gargajiya mai ci gaba da tsima a cikin ganga, irin wadda ƙungiyar CAMRA take karewa tun 1971. Kusan 'yar'uwar burukutu ce. A birnin Mancesta tun 1992, a Shefil kuma tun 1994, jirgin ƙasa na cikin gari yakan kai su daga wannan gida zuwa wancan, don kada wanda ya sha ya tuƙa mota.

Mu a ƙasar Birnin Gwari babur ne jirginmu. Ranar kasuwa ko bayan biki, samari uku sukan hau babur ɗaya, su bi gidajen burukutu ɗaya bayan ɗaya, su komo da dare ta hanyar daji mai ramuka. Mai jan babur ɗin ma ya sha tasa ƙwaryar.

Koyarwar Ikkilisiya a kan buguwa ba ta canja ba. Amma mai rai ake yi wa wa'azi. Saboda haka muna roƙon mata masu dafa burukutu su karɓi makullin duk wanda ya zo da babur kafin su zuba masa. Wanda ya bugu ya kwana inda yake. Dattawa da shugabannin matasa su tsaya a kan wannan.

Mun binne 'ya'yanmu da yawa saboda 'yan bindiga. Wanda Allah ya tsare daga harsashi, kada ƙwarya ta kai shi kabari.