Kyamarar haɗin gambiza a hawan Sallar Gani

A hawan Sallar Gani na Daura, ba wuya a ga mai hoto riƙe da jikin kyamarar Sony da tsohon gilashin Nikon na gwanjo, an haɗa su da zobe. Aljihu ne ya yanke hukunci.

Sai dai tsohon gilashi ba ya magana da jikin. Dole mai kyamara ya shigar da tsawon gilashin da hannu kafin na'urar hana rawar hoto ta yi aiki daidai. In ya sa 50 alhali gilashin 200 ne, sai hoto ya dusashe.

Kuma rawar hannu kaɗai na'urar take gyarawa. Dokin da ya zabura a ƙofar fadar Sarki, saurin ɗauka kamar 1/1000 na daƙiƙa ne ke tsayar da shi. Masu shagunan hoto su fara koya wa yaransu wannan.