Raddi Ga Mai Cewa 4,294,967,297 Ba Ta Rabuwa

Wani malamin lissafi ya raba wa ɗalibansa takarda yana cewa 4,294,967,297 lamba ce gagara-rabo, wato babu mai raba ta cif sai 1 da ita kanta. Lambar kuwa ana samun ta ne in an jera 2 har guda 32, aka ninka su da juna, aka ƙara 1. Hujjoji huɗu ya kawo, ga amsar kowacce.

Na farko, ya ce Pierre de Fermat na Faransa ne ya faɗa a 1640. Gaskiya ne ya faɗa, amma shi da kansa ya bayyana cewa bai samu tabbatacciyar hujja ba. Zato ne. A lissafi kuwa girman malami ba ya mayar da zatonsa hukunci.

Na biyu, ya ce yayyenta biyar da ake samu ta irin wannan hanya, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk ba sa rabuwa, saboda haka ita ma haka take. Malam, kama da wane ba ta wane. Misali biyar ba sa yanke hukunci a kan na shida. Hasali ma, an tabbatar cewa ƙannenta 27 da ke biye da ita duk suna rabuwa, kuma har yau ba a gano gagara-rabo a wannan dangi bayan 65,537 ba.

Na uku, ya ce mara ce, ba ta ƙare da 5 ba, kuma jimillar alƙalumanta 59 ne. Wannan ya kore 2 da 3 da 5 kaɗai, bai ce komai a kan sauran ba.

Na huɗu, ya ce ya gwada dukan lambobi har 100 bai samu mai raba ta ba. Ai ya tsaya da wuri. Mai bin wannan hanya sai ya kai 65,536 kafin ya yi magana, domin ita ce in an ninka ta da kanta take ba da 4,294,967,296.

Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya warware zancen tun 1732. Daga baya ma ya nuna cewa duk gagara-rabon da zai raba wannan lamba, dole in an raba shi da 64 ya bar saura 1. Sai masu takara suka ragu, na farko-farkonsu su ne: 193, 257, 449, 577, 641. Na biyar ɗin ne ya ci. A ɗauki alƙalami a ninka 6,700,417 da 641: sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau 1 kuma 6,700,417. A haɗa su, ga 4,294,967,297 ba ragi ba ƙari.

Saboda haka ajinta shi ne na lambobin da gagara-rabo biyu suka haifa, masu raba ta kuma huɗu ne. Muna roƙon Malam, cikin girmamawa, ya janye takardar kafin ɗalibai su kai ta ɗakin jarrabawa.