Dashen ɓargo: Me ke jiran mai sankarar jini bayan ya dawo Kaduna?

A shekarar 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya sanar da yin dashen ɓargo ga masu amosanin jini, shekara 13 bayan asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irinsa na farko a Najeriya a 2011. Labarin ya faranta ran iyalai da dama, har da na masu sankarar jini, domin dashe na cikin hanyoyin magance wasu nau'o'in cutar. Sai dai daga Kawo zuwa Malali da Unguwar Rimi, wanda likita ya ce sai an yi masa dashe, galibi Indiya ake haɗa masa kuɗin tafiya. Kuɗin kuma ya ƙara nauyi tun da darajar naira ta faɗi a 2023.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne watannin da ke biyo bayan dawowa gida.

Kafin dashe, ana ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi, don kashe ɓargon da ya lalace. Garkuwar jikinsa na tafiya tare da shi. Wasu fararen ƙwayoyin jini kan farfaɗo cikin mako biyu zuwa huɗu, amma waɗanda ake kira ƙwayoyin T sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin su koma daidai.

Su waɗannan ƙwayoyi tamkar masu gadin gari ne da kowannensu fuskar ɓarawo ɗaya ya sani. Jikin mai lafiya na ɗauke da miliyoyin iri, shi ya sa da wuya baƙuwar cuta ta shigo ba a samu mai gane ta ba. Bayan dashe kuwa, 'yan kaɗan ɗin da suka zo daga mai bayarwa ne ke hayayyafa. Gwajin jini na iya nuna adadinsu ya ƙaru, alhali irinsu bai taka kara ya karya ba. Sababbin iri sai sun bi ta wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, wadda ke shanyewa yayin da shekaru ke ja. Dalili ke nan da yara ke riga manya murmurewa.

Wani bincike da masana na cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke Amurka suka wallafa a mujallar Nature Medicine a 2013 ya auna wannan giɓi. Wata shida bayan dashe, waɗanda aka yi wa da jinin cibiyar jarirai sun kusa kamo masu lafiya a yawan iri. Waɗanda aka tace ƙwayoyin T daga abin da aka dasa musu kuwa, sun gaza su da ninki 28 a rukunin CD4, da ninki 14 a rukunin CD8. Likitoci na yin tacewar ne don kada sababbin ƙwayoyin su juya su yaƙi jikin majiyyacin, ke nan gaba kura, baya sayaki.

A nan ne yanayin Kaduna ya shigo. Mai jinyar da ya sauka gida bayan wata uku ko huɗu zai tarar da sauro a damina, ƙura a hunturu, ga tarin fuka da ƙyanda da har yanzu suke yawo. Ga kuma 'yan sannu da zuwa da ke cika falo. Zumunci ne, amma tarin baƙo ɗaya na iya mayar da shi gadon asibiti. Riga-kafin da aka yi masa yana yaro ma yakan gushe, sai an sake daga farko. Na ƙyanda da na shawara, da yake suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yin su sai bayan shekara biyu, kuma da izinin likita.

Bibiyar irin wannan majiyyaci na buƙatar likitan jini, da gwajin ƙwayar cutar CMV a kai a kai, da auna magungunan danne garkuwa a cikin jini, da jinin ƙari da aka tantance. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika su ne wuraren da ya fi dacewa a gina wannan tsari, da yarjejeniya tsakaninsu da asibitocin da ke yin dashen. Kuɗin da zai ci bai kai na gina cibiyar dashe ba.

Akwai kuma batun tallafi. Asusun gwamnatin tarayya na masu cutar daji ya fara ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, ba a sa ta jini ba. Iyalin da suka sayar da fili ko gona don biyan dashe sukan dawo aljihu wayam, daidai lokacin da ake buƙatar maganin shekara guda ko fiye.

Saboda haka, kafin a yanki tikitin jirgi, ya kamata iyali su tambayi wane irin dashe za a yi, wane likita zai karɓi majiyyacin a Kaduna ko Zariya, da nawa magani da gwaji za su ci a shekarar farko.